Fulorans ko Benis: wanne za a je idan bazara ta yi a Italiya?

Ƙanena da ke karatu a Jamus ne ya tayar da maganar. Ya bugo mini waya da dare ya ce, "Yaya, ina da kwana huɗu a watan Afrilu, kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba. Fulorans zan je ko Benis?" Har na buɗe baki zan ce ya haɗa duka biyun, sai na tuna da mutanen da na gani sun raba kwana huɗu gida biyu, rabin lokacinsu ya tafi a tashar jirgin ƙasa da jan akwati, suka koma da hotuna cike da waya alhali ba su zauna sun huta a ko'ina ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Ga amsar da na ba shi, na ƙara mata abin da zai amfani mai tasowa daga gida da iyalinsa.

Kalmar bazara kanta tana iya ruɗa mutum. A wajenmu lokaci ne da Sakkwato da Damagaram ke haura digiri 40, kowa ya fito da tabarma tsakar gida yana jiran iska. Watannin dai su ne a Italiya, Maris zuwa Mayu, amma can fitowa ake daga sanyin hunturu. A Afrilu zafin rana a Fulorans bai cika wuce digiri 19 ko 20 ba, da dare kuma ya sauko ƙasa da 10. Benis ta ɗan fi sanyi saboda iskar ruwa. Ana yayyafi jefi-jefi, don haka rigar sanyi da ƙaramar lema ba sa barin jaka. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, wato yini mai tsawo ga mai yawo. A 'yan shekarun nan azumi ya koma Fabrairu da Maris, Afrilu da farkon Mayu sun faɗo tsakanin ƙaramar Sallah da babba. Wanda ya jira Yuli ko Agusta zai tarar da Fulorans ta zama tanda, don gari ne a cikin kwari da tsaunuka suka kewaye.

Bambancin da ya fi kowanne nauyi, wanda sauran duk suka rataya a kansa, shi ne inda kowane gari ya ajiye dukiyarsa. Ta Fulorans tana cikin ɗaki: sai ka sayi tikiti, ka bi layi, ka shiga ka tsaya gaban zane ko sassaƙa. Ta Benis tana waje. Garin kansa shi ne abin kallo, ko ba ka shiga gidan tarihi ko ɗaya ba. Kafin mutum ya duba farashin otal, ya fara tambayar kansa: zan iya tsayuwar awa uku ina kallon zane-zane raina na so, ko kuwa bayan minti arba'in ƙafa za ta fara neman ƙofa?

Fulorans, wadda masu gari ke kira Firenze, ƙaramar tafiya ce. Daga tashar Santa Maria Novella zuwa babbar majami'ar gari minti goma ne a ƙafa, kuma tun daga nesa jar ƙubbarta ke leƙowa ta tsakanin gidaje. An ɗora harsashin majami'ar a 1296, aka yi fiye da shekara ɗari ana gini, aka bar ramin sama a buɗe mai faɗin kusan mita 45 ba a san yadda za a rufe shi ba, don babu katakon da zai isa a kafa masa madogari daga ƙasa. Filippo Brunelleschi, wanda asalinsa maƙerin zinariya ne, shi ya karɓi aikin a 1420 ya gama a 1436. Ya yi ƙubba biyu, ɗaya cikin ɗaya, ya jera jan bulo sama da miliyan huɗu a karkace kamar ƙayar kifi, yadda kowane zagaye ke riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon magini na ɗaura bakan gizo a soron ƙasa zai gane girman abin. Matakala 463 ne zuwa sama, babu na'urar hawa, kuma a tsakanin ƙubbobin biyu ake bi, ta wani lungu da kafaɗa ke gogar bango. A nan ne za ka ga bulon da idonka, ka sa hannu ka taɓa. Sai an yi rajistar lokaci tun kafin a zo, a bazara kuwa guraben kan cika kwanaki kafin ranar.

Gidan zane-zane na Uffizi, kamar yadda sunan ya nuna, ofisoshin gwamnati ne tun farko. Cosimo na ɗaya, na gidan Medici, ya sa Giorgio Vasari ya fara gina su a 1560. Medici 'yan kasuwa ne masu banki da suka zama sarakuna, suka zuba dukiya wajen ɗaukar nauyin masu zane da magina. Abin da ya sa kayan suke nan har yau aikin mace ɗaya ne: Anna Maria Luisa, ta ƙarshe a zuri'ar, ta rattaba hannu a 1737 cewa ta bar tarin kayan gidansu da sharaɗin kada a fitar da komai daga garin. A nan zanen Botticelli mai suna Primavera yake, wato bazara, da ayyukan Leonardo da Raphael da Caravaggio. Mutum-mutumin David na Michelangelo, wanda ya sassaƙa daga dutsen mabul guda tsakanin 1501 da 1504, tsayinsa ya haura mita biyar, yana wani gidan daban, Accademia. Wanda ke tsaye a dandalin Signoria kwafi ne. Gidajen biyu a rufe suke ranar Litinin, mai kwana huɗu ya lissafa da wannan.

Akwai maganar da ya kamata a faɗa wa namu mutanen tun daga gida. Yawancin abin da ya sa Fulorans ta yi suna siffar ɗan Adam ne, da yawa kuma tsirara. David ba shi da ko ƙyalle, haka gumakan da ke tsaye a fili a dandalin Signoria, inda babu yadda za a yi a kauce musu. Ragowar zane-zanen galibi na addinin Kirista ne, an zana annabawa da mala'iku da fuskoki. Wani zai kalle su a matsayin tarihi da gwanintar hannu, wani zuciyarsa ba za ta natsu ba, musamman in yana tare da mahaifiyarsa ko 'ya'yansa mata. Kowa ya san kansa. Abin da ba na so shi ne mutum ya biya kusan Yuro 30 ya shiga, ya fito bayan rabin awa ransa a jagule, alhali da an gaya masa da ya tsara yininsa daban.

Kuma ana iya tsara shi daban. Gidan tarihi na Bargello yana da ɗaki na kayan ƙasashen Musulmi, tagulla da darduma da hauren giwa. Gidan tarihi na Galileo, a bakin kogin Arno, cike yake da na'urorin auna taurari da madubin hangen nesa na Galileo kansa. Alaƙar garin da gabas tsohuwa ce: a 1487 Sarkin Masar Ƙaitbay ya aiko wa Lorenzo na Medici raƙumin dawa da ransa, mutanen gari suka yi ta tururuwar kallo. Sannan ga lambuna, waɗanda su ne ainihin ribar zuwa a wannan lokaci. A lambun Bardini akwai wata rumfa doguwa da furanni masu ruwan shuni ke zubowa daga samanta a tsakiyar Afrilu, makonni kaɗan su kaɗe. Lambun furen iris da ke gefen dandalin Michelangelo ba ya buɗewa sai daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Mayu. Daga wannan tudun, da la'asar sakaliya, ana ganin garin gaba ɗaya a shimfiɗe, kuma kyauta ne.

Inda Fulorans ta fi kama ni shi ne wajen sana'a. A unguwar Santa Croce har yau akwai titin da sunansa ke nufin titin majema, kamar yadda muke da Dukawa a Kano. A bayan majami'ar unguwar akwai makarantar dukanci da aka kafa a 1950 don koya wa marayun yaƙi sana'a. Ana shiga a tsaya a kan mai aiki. Na ga wani dattijo ya shimfiɗa ganyen zinariya a kan fata, ya ɗauko ƙarfen tambari daga wuta, ya kusanto da shi kumatunsa ya ji zafinsa, sannan ya danna. Da ya share ragowar da auduga sai ga ado ya fito tas. Manyan majemun yankin suna Santa Croce sull'Arno, tsakanin Fulorans da Pisa, kuma Italiya na cikin manyan masu sayen fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Kano. Ɗan kasuwar fata ba shi da zaɓi, nan ne wajen zuwansa. Sai dai a yi hattara da rumfunan kasuwar San Lorenzo: ba duk jakar da aka rataya ba ce aikin gari, a shinshina, a duba ɗinki, a yi ciniki. Gadar Ponte Vecchio, wadda aka gina a 1345, da mahauta ne a kanta, sai a 1593 aka tashe su saboda wari aka zuba maƙeran zinariya, su ne a wurin har gobe.

Benis kuwa, wadda masu gari ke kira Venezia, tun daga shigarta take fara aiki a kan mutum. Jirgin ƙasa zai bar tudu ya hau gada mai tsawon kusan kilomita huɗu, ruwa dama ruwa hagu. Ka fito daga tashar Santa Lucia, inda ka saba ganin titi da tasi sai ka ga babban mashigin ruwa da jirage na kai da kawo. Tsibirai ne sama da 100 da gadoji sama da 400 suka ɗinke. Mutanen farko sun gudo cikin wannan fadama ne don tsira daga mahara, suka kafa gungumen itace birjik a cikin taɓo, suka shimfiɗa dutse a kai suka yi gini. Itacen bai ruɓe ba saboda iska ba ta kai gare shi a cikin laka. A kan wannan harsashi aka yi jamhuriyar 'yan kasuwa da ta rayu har Napoleon ya rushe ta a 1797. Babu mota, babu babur, babu keke. Motar asibiti jirgi ce, ta kwasar shara jirgi ce, gawa ma a jirgi ake kai ta maƙabarta da ke tsibirin San Michele.

Da sanyin safiya ake kama fara. Na fito bayan sallar asuba na nufi unguwar kasuwa ta Rialto, ban gamu da kowa ba sai masu shara da 'yan dako. Wani jirgi ya tsaya cike da kwandunan kayan lambu, mutum biyu na jefa wa juna suna kamawa, na uku yana tura baro mai ƙananan tayoyi a gaba da aka yi musamman don hawa matakalar gada. A kasuwar kifi ana zuba ƙanƙara a kan tebura, tsuntsayen teku na shawagi suna jiran a juya baya. Ƙarar da ake ji ita ce ta ruwa na dukan bango da takun ƙafa. Zuwa ƙarfe goma wannan garin ya ɓace, wani ya maye gurbinsa, mai cunkoso kafaɗa da kafaɗa daga tasha har babban dandalin gari na San Marco. Wanda ya zo da hantsi ya koma da yamma na biyun kaɗai ya gani, shi ne kuma ke komawa gida yana cewa Benis ba komai sai turmutsutsu da tsada. Kasuwar kifin ba ta ci ranar Lahadi da Litinin.

Mai sha'awar tarihin Musulunci zai fi samun abin taunawa a nan. Arzikin Benis daga cinikin Iskandariya da Dimashƙa da Istanbul ya fito, har harshensu ya nuna: sunan ma'aikatar jiragensu, Arsenale, daga Larabcin darus sina'a yake, gidan buga kuɗinsu Zecca daga sikka, masaukin fatake fondaco daga funduƙ. A unguwar Cannaregio akwai wani gida da aka sassaƙa raƙumi da kaya da mai jansa a bangon da ke kallon ruwa. Labarin da mutanen gari ke bayarwa game da babbar majami'arsu ma daga Masar ya faro: wai a shekarar 828 wasu fatake biyu suka sato gawar Markus, marubucin ɗaya daga littattafan Linjila wanda suke kira San Marco, daga Iskandariya, suka lulluɓe ta da naman alade don kada jami'an kwastan Musulmi su bincika, kuma an zana wannan a saman ɗaya daga ƙofofin ginin. A Benis aka fara buga Alƙur'ani da injin ɗab'i da haruffan Larabci, wajen 1537 zuwa 1538, a maɗaba'ar Paganini. Bugun ya cika da kurakurai, bai karɓu ba, ya ɓace har aka zaci babu shi, sai a 1987 aka gano kwafi ɗaya a ɗakin karatun wasu limaman Kirista a garin. Abin da ya fi taɓa ni shi ne 1550. A shekarar aka buga a Benis bayanin Afirka da Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta, kuma a cikinsa akwai Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Turawa da yawa daga wannan bugun suka fara karanta sunayen garuruwanmu.

Ba wai Benis ba ta da kayan cikin ɗaki ba. Rufin majami'ar San Marco an lulluɓe shi da gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da suka haura murabba'in mita 8,000, ƙubbobinta kuma sun fi kama da na Istanbul fiye da na Roma. Fadar shugaban jamhuriya na gefenta, ga ayyukan Tintoretto da Titian a warwatse cikin gari. Nan ma akwai siffofi, amma ba su tare hanya kamar na Fulorans ba. A tsibirin Murano, inda aka mayar da masu narka gilashi a 1291 saboda tsoron gobara, ana kallon mai aiki ya ciro dunƙulen wuta a bakin bututu ya hura ya juya, kafin ka ƙifta ido ya zama kofi. Babban baje kolin fasaha na Biennale, wanda aka fara a 1895, yana buɗewa ne a ƙarshen bazara, Najeriya ma ta kafa rumfarta a 2017 da 2024.

Cunkoso duka garuruwan suna fama da shi, kuma zaɓen rana ya fi zaɓen gari tasiri. A guji makon Ista, da 25 ga Afrilu, ranar 'yancin ƙasar wadda kuma ita ce ranar Markus a Benis, da 1 ga Mayu. Idan waɗannan suka faɗo kusa da ƙarshen mako, Italiyawa kan haɗe hutun, otal ya yi tashin gwauron zabi. Lahadin farko na kowane wata ana shiga gidajen tarihi na gwamnati kyauta, amma layin kan cinye rabin yini. Cunkoson Fulorans ana maganinsa da sayen tikiti a intanet tun da wuri. Na Benis maganinsa kwana a gari da barin babbar hanya: ka karya kwana biyu ko uku cikin Cannaregio ko Castello sai ka ji shiru, ga shanya a igiya tsakanin gidaje. Mazauna tsohon garin sun ragu daga kusan 175,000 a 1951 zuwa ƙasa da 50,000, kuma don rage cunkoso daga 25 ga Afrilun 2024 hukuma ta fara karɓar Yuro 5 daga masu zuwa yini a wasu ranaku na bazara da farkon rani, a 2025 kuma ya zama Yuro 10 ga wanda ya makara wajen biya. Mai kwana a otal a garin ba ya biyan wannan.

Wajen kuɗi Fulorans ta fi sauƙi, ba ko tantama. Ƙafarka ce motarka, abin da za ka kashe na tikitin shiga ne: ƙubba da abin da ke tare da ita Yuro 30 a 2024, Uffizi kusan haka, Accademia wajen 20. A Benis zirga-zirga ce ke cin kuɗi. Jirgin haya na gari, vaporetto, Yuro 9.50 ne shiga ɗaya, na yini guda 25, don haka gara a yanki na kwanaki tun farko. Da shi za ka hau layi na 1 ka bi babban mashigin daga tasha zuwa San Marco, kusan minti 45, fadoji na wucewa dama da hagu, wanda a ganina ya fi kwale-kwalen gondola na Yuro 90 a rabin awa. Mai son ɗanɗana gondola ya nemi traghetto, wanda ke tsallakar da mutane daga gaɓa zuwa gaɓa a kan Yuro 2. Ɗakin kwana a cikin tsibirin ya fi tsada. Mestre, a kan tudu, ta fi araha, kuma minti goma ne a jirgin ƙasa, sai dai mai kwana can ya yi asarar asuba da daren da su ne dalilin zuwan. A duka garuruwan shan kofi a tsaye gaban kanta ya fi zama a tebur araha nesa ba kusa ba, kuma gidajen abinci na ƙara kuɗin zama da suke kira coperto.

Gwiwa ma abin lissafi ce. Kusan kowace gada a Benis matakala ce, hawa da sauka, da akwati ko keken jariri ko dattijuwa a hannu. Wanda zai zo da Hajiya mai ciwon ƙafa ya nufi Fulorans, inda gari ke shimfiɗe kuma tasi na iya kai mutum ƙofar otal. Mai ƙananan yara ya sani yawancin bakin ruwan Benis ba shi da shinge.

A wajen abinci kuwa ma'aunin ya juya. Girkin Fulorans na nama ne, alade kuma ya shiga ko'ina. A haddace kalmomin nan: maiale, prosciutto, pancetta, salame, lardo, da strutto, wato kitsen alade da kan shiga burodi da kayan fulawa. Shahararren gasasshen naman sa na garin da lampredotto, tumbin saniya da ake dafawa a zuba cikin burodi a rumfunan bakin titi, ba yankan Musulmi ba ne in ba an rubuta ba. Abin da ya rage shi ne miyar wake da ganye da burodi da suke kira ribollita, da ta tumatir, da shagunan halal da ke kewayen tasha. Burodin garin ba gishiri, kada a zaci mantuwa aka yi. Benis garin kifi ne: sadin da aka jiƙa da albasa da zabibi da ruwan tsami, busasshen kifin Norway da aka kirɓa da mai har ya yi laushi, da ƙananan ƙaguwa masu taushin ɓawo da ake samu a bazara da kaka. A dai tambaya ko an sa giya a girkin, kalmar ita ce vino, don suna yawan zuba ta a abincin teku. Wajen sallah Fulorans ta fi: akwai masallaci a cikin gari wajen dandalin Ciompi, ana Juma'a. A Benis sai an fita tudu, Marghera ko Mestre. Majami'u na hana shiga da kafaɗa ko gwiwa a buɗe, shigarmu ta gida ta wadatar.

Masu tsoron ambaliya su kwantar da hankali. Hawan ruwan Benis abin kaka da hunturu ne. Mafi muni shi ne na 4 ga Nuwamban 1966, da ya kai santimita 194, ranar da kogin Arno ma ya cinye Fulorans, sai na Nuwamban 2019 mai 187. Tun Oktoban 2020 akwai ƙofofin ƙarfe 78 da ake ɗagawa a toshe bakin teku in ruwa ya taso.

Ga hukuncin da na yanke wa ƙanena. Na ce ya je Benis, da sharaɗin ya kwana uku a cikin tsibirin, ko da a ƙaramin ɗaki ne a Cannaregio, ya kuma matsar da tafiyar ta kauce wa Ista. Dalilina shi ne shi ba mai tsayuwa gaban zane ba ne, ƙafarsa lafiya lau, kuma ƙubba da gidan tarihi da lambu zai same su a wasu biranen Turai, ko da ba su kai na Fulorans ba, amma garin da jirgi ke kwashe shara ba zai same shi a wani wuri ba. Da mai karatun zane ne ko gine-gine, ko ɗan kasuwar fata da takalma, ko mai tafiya da dattawa, ko wanda kuɗinsa ke ƙirge, da Fulorans zan ce ba tare da jinkiri ba. Haka mai mako guda da ke son wurin zama ɗaya yana fita yini: daga Fulorans, Bologna minti 40 ce, Pisa awa ɗaya, Siena awa ɗaya da 'yan mintoci a bas. Wanda ya samu kwana shida ko bakwai shi ne zai iya haɗa biyun, don jirgin ƙasa mai sauri na Trenitalia ko Italo awa biyu da kwata yake yi tsakaninsu. Ya fara da Fulorans yana da ƙarfin tsayuwa a layi, ya ƙare da Benis.

Mai tasowa daga gida ya fara da biza tun sanyi bai wuce ba. Ta Shengen ce, kuɗinta Yuro 90 tun Yunin 2024, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. Da na gama duk wannan bayani, ƙanena ya ce, "To Yaya, in yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa Venezia ke nan?" Na ce ya duba da kyau, tasha biyu ce a hanyarsa ke ɗauke da sunan. Jirgin zai fara tsayawa a Venezia Mestre, mutane da yawa za su miƙe su sauka. Ya zauna abinsa har sai ya ga ruwa ta taga, tasharsa Venezia Santa Lucia ce.